Yadda 'Yar Arewa Mazauniyar Legas Za Ta Zama Likita, Ta Kuma Kai Matakin Ƙwararru

Unguwar Idi-Araba, ɗaya daga cikin sanannun matsugunan Hausawa a Legas, tana maƙwabtaka da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas da kuma kwalejin koyon aikin likita ta jami'ar, waɗanda suka fara aiki a 1962. Matanmu suna zuwa wannan asibiti da sauran asibitocin birnin domin awo da haihuwa da kai yara da jinyar iyaye, amma da wuya mace ta tarar da likita mace wadda za ta gaya wa ciwonta da Hausa ba tare da miji ko maƙwabciya sun tsaya a tsakani suna fassara ba. Yarinyar da ta tashi a Agege ko Mile 12 ko Alaba Rago tana son zama likita tana ɗauke da nauyi biyu: ita mace ce a sana'ar da manyan kujerunta suka daɗe a hannun maza, sannan 'yar tsiraru ce a birnin da ba a kallonta a matsayin 'yar asali ko da a nan aka yanke mata cibiya. Abin da ya fi kayar da irin waɗannan yara, a ganina, shi ne iyaye da su kansu ba sa sanin ƙofar da ke gaba sai sun iso bakinta, alhali kowace ƙofa a wannan hanya tana buƙatar a fara shirinta shekara ɗaya ko biyu kafin a kai gare ta.

Mace likita ba baƙuwa ba ce a Legas. Dakta Elizabeth Abimbola Awoliyi, wadda aka haifa a birnin a 1910, ta kammala karatun likita a Dublin a 1938, ta dawo ta yi aiki a asibitin Massey Street, kuma ita ce mace ta farko da ta yi aikin likita a Nijeriya. Farfesa Folasade Ogunsola ta shugabanci kwalejin Idi-Araba, daga baya a 2022 ta zama mace ta farko da aka naɗa shugabar Jami'ar Legas. A Kano kuma akwai Farfesa Hadiza Galadanci, ƙwararriya a fannin haihuwa da cututtukan mata a Jami'ar Bayero. Saboda haka an riga an share hanyar, abin da ya rage shi ne 'ya'yanmu mazauna Legas su hau ta da shiri.

Shirin yana farawa ne daga ƙarshen aji uku na ƙaramar sakandare, lokacin da ake raba ɗalibai zuwa ajin kimiyya da na kasuwanci da na adabi. Uba ko uwa su je makarantar da ƙafarsu, su tabbatar an sa yarinyar a ajin kimiyya, su kuma tambaya ko akwai malaman fiziks da kemistiri da bayoloji na dindindin da ɗakin gwaje-gwajen da ake amfani da shi da gaske. Karatun likita yana buƙatar kiredit a darussa biyar: Turanci, lissafi, bayoloji, kemistiri da fiziks, kuma Jami'ar Legas tana neman a same su duka a zama ɗaya, ba a haɗa sakamakon jarrabawa biyu ba. A cikin gida kuwa, dole a rage mata wani abu. Yarinyar da za ta dawo daga boko ta wuce Islamiyya, ta dawo ta yi girki da wanke-wanke, ta kuma taya mahaifiya ƙulla kayan sayarwa, ba za ta iya gogayya da wadda aka ware wa sa'o'i uku na bita kowane dare ba. Ba a ce a cire ta daga Islamiyya ba, sai dai a yi magana da malam a daidaita lokaci, musamman a shekarar ƙarshe. Batun hijabi a makarantun gwamnatin jihar kuwa an riga an yanke shi, domin a watan Yunin 2022 Kotun Ƙoli ta tabbatar wa ɗalibai Musulmi 'yancin sanya shi a makarantun Jihar Legas.

Takardu, da batun jihar asali

Nan ne ya kamata a fi natsuwa, domin kuskuren minti biyar a cibiyar rajistar JAMB yana iya cinye shekara guda. A irin wannan cibiya za ka ga layi ya yi tsawo, ma'aikacin yana sauri, ya tambayi yarinya jiharta, ita kuma da yake a Agege aka haife ta sai ta ce Legas, ya danna, a wuce. Ko kuma sunanta ya fito Khadija a lambar shaidar ɗan ƙasa (NIN), Hadiza a takardar WAEC, sunan mahaifinta kuma Muhammad a nan, Mohammed a can. JAMB tana ɗauko bayanan ɗalibi ne daga lambar NIN, don haka tun yarinya tana aji biyu na babbar sakandare a zauna a jera takardar haihuwa da katin NIN da bayanan da makaranta za ta tura wa WAEC da NECO, a tabbatar suna da ranar haihuwa sun zo ɗaya harafi da harafi. Gyara yana yiwuwa, amma yana cin lokaci da kuɗi, kuma ya fi sauƙi kafin a yi rajista.

Dalilin da ya sa jihar asali take da nauyi haka shi ne tsarin rabon gurabe a jami'o'in tarayya: kashi 45 cikin 100 na cancanta ne zalla, kashi 35 na jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 kuma na jihohin da aka ayyana a matsayin waɗanda suke baya a ilimin boko, waɗanda suka haɗa da mafi yawan jihohin Arewa. Yankin Jami'ar Legas shi ne Legas da Ogun da Oyo da Osun da Ondo da Ekiti. Wannan yana nufin yarinyar da iyayenta 'yan Kano ne ba za ta ci gajiyar kason yanki a Legas ba ko da ba ta taɓa taka Kano ba, kuma idan ta rubuta Legas a matsayin jiharta, ranar tantancewa za a nemi takardar shaidar asali wadda ba ta da ita. Abin da ya dace shi ne ta rubuta jihar asalin mahaifinta, a kuma je ƙaramar hukumarsu a karɓo takardar shaidar asali tun da wuri. Da wannan takarda tana da ƙofar cancanta a ko'ina, tana cikin kason jihohin da suke baya a ilimi, tana kuma cikin kason yanki a jami'ar da ke kusa da gida, kamar Jami'ar Bayero ga 'yar Kano. Haka abin yake ga sauran masu jin Hausa mazauna Legas, ko Fulani ne ko Barebari ko Nupawa ko Kiristocin Arewa: takardar ce take magana, ba harshen da ake yi a gida ba.

A jarrabawar JAMB za ta ɗauki Turanci da bayoloji da kemistiri da fiziks, kuma jimillar makin 400 ce. Jami'ar Legas ba ta duba wanda bai sa ta zaɓi na farko ba, sannan a tsarin da ta daɗe tana bi, makin JAMB yana ɗaukar rabin lissafi, jarrabawar tantancewa ta jami'a kashi 30, sakamakon sakandare kuma kashi 20. Ke nan akwai tazara mai yawa tsakanin A1 da C6 ko da yake dukkansu kiredit ne. Jami'ar Jihar Legas, wadda kwalejin likitancinta take Ikeja, mallakar jiha ce, kuma 'yan asalin jihar ne suke da fifiko a cikinta. Bayan jarrabawa, a riƙa duba shafin CAPS na JAMB, domin ta nan ake ba da gurbi kuma ta nan ake karɓarsa, duk wanda kuma ya ce zai samo gurbi ta bayan fage a ba shi kuɗi, a rabu da shi.

Shawarata ga iyaye ita ce kada su nace sai Legas. Na fahimci tsoron tura yarinya nesa, amma yarinyar da makinta bai kai na cancanta a Legas ba tana iya samun gurbi a Zariya ko Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, ta zauna kusa da kakanni, ta kammala ta dawo Legas aiki, tunda lasisin likita ɗaya ne a faɗin ƙasa. Wanda kuma yake tunanin Masar ko wata ƙasa, ya fara tabbatar da cewa Hukumar Kula da Likitoci ta Nijeriya, wato MDCN, ta amince da makarantar, ya kuma sani cewa wanda ya yi karatu a waje sai ya ci jarrabawar tantancewa ta hukumar kafin a ba shi izinin aiki. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, wanda ya sa aka kwaso ɗalibanmu karatu bai ƙare ba, ya isa a yi la'akari da shi. Ta fuskar kuɗi, ɗaliban jami'o'in gwamnati suna iya neman bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024, sannan hukumomin tallafin karatu na jihohin asali suna nan, kuma wasu jihohin suna ɗaukar nauyin ɗaliban likitanci bisa yarjejeniyar za su yi wa jihar aiki na wasu shekaru. A karanta wannan yarjejeniya da kyau kafin a sa hannu, musamman idan iyali suna sa ran ta dawo Legas.

Shekaru shida, da maganar aure

Karatun shekara shida ne idan yajin aiki bai shiga ba. A Jami'ar Legas shekarar farko a Akoka ake yin ta, daga nan a koma Idi-Araba, kuma tsallakawar ba ta tabbata sai ɗaliba ta cika sharuɗɗan maki, don haka ba shekarar hutawa ba ce. Daga nan sai ilimin tsarin jiki da aikin gaɓoɓi da sinadaran jiki, inda za ta yi darasi a kan gawa, sai ilimin cututtuka da na magunguna, sannan a shiga asibiti.

Yarinyar da ta shiga da shekara 17 ko 18 za ta fita tana da 23 ko 24, ko ma fiye, kuma kowa ya san cewa a gidajenmu masu neman aure ba za su jira wannan lokaci ba kafin su fara sallama. Ba na cikin masu cewa sai an zaɓi ɗaya tsakanin aure da karatu, domin mata da yawa sun haɗa biyun sun kai gaci. Abin da ba ya yiwuwa shi ne a bar maganar a dunƙule. Kalmar "zan bar ta ta ci gaba da karatu" ba ta wadatar, saboda mai faɗinta sau da yawa bai san abin da ya ɗauka ba. Ranar da magabata suka zo, mahaifi ko waliyyi ya warware musu zancen: "Alhaji, yarinyar nan za ta riƙa kwana a asibiti, wani lokaci sau biyu ko uku a mako. Za ta duba maza kamar yadda za ta duba mata. Bayan ta gama kuma akwai wasu shekaru biyar ko shida na ƙwarewa. Idan ɗanku ya amince da haka, a faɗa a gaban shaidu." Ita kuma yarinyar ta dubi jadawalin karatunta, ta guji sa biki ko goyo a watannin manyan jarrabawa, domin faɗuwa a cikinsu tana jawo maimaita shekara, wani lokaci ma kora. A kuma yi maganar muhalli tun da wuri: mai fitowa daga Alaba Rago zuwa Idi-Araba kullum cikin cunkoson Legas za ta ƙare ƙarfinta a mota, don haka ɗakin kwanan ɗalibai ko haya kusa da asibiti ya fi mata.

Game da sutura, ka'idar asibiti ta tsafta ce, kuma ana iya cika ta ba tare da an zubar da mutunci ba. A ɗakunan marasa lafiya, ƙaramin hijabi da ake cusawa cikin farar riga ya fi dogo mai jan ƙasa wanda zai riƙa shafar gado da rauni. A ɗakin tiyata ba a shiga da kayan waje, ana wanke hannu har gwiwar hannu, ana rufe kai da hular tiyata, don haka ɗaliba ta je wurin babbar nas mai kula da ɗakin tun kafin ranar farko, ta tambayi irin rufin kai da aka yarda da shi, ta tanadi nata masu tsafta. Yayyenta a Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi, wadda a nan Legas aka kafa ta a 1954, da kuma Ƙungiyar Likitoci Musulmi ta Nijeriya sun riga sun bi ta wurin, kuma tambayarsu ta fi gardama a bakin ƙofar tiyata.

Bayan kammalawa da rantsuwa, MDCN tana ba da rajistar wucin gadi, sai aikin horo na wata 12, wata uku-uku a sashen cututtukan manya da tiyata da yara da haihuwa, sannan a samu cikakkiyar rajista. Sai hidimar ƙasa ta shekara guda, inda matar aure take da damar neman a bar ta a jihar da mijinta yake, muddin ta gabatar da shaidar aure.

Inda aka fi tsayawa

A nan ne iyalai da yawa suke ɗauka an gama. An yi walima, ana kiranta Dakta, ta samu aiki a wani asibiti mai zaman kansa a unguwa, haihuwa ta fara zuwa, shekara goma ta wuce tana nan a matsayin likitar gama-gari. Wannan aiki ne mai daraja, amma ba daga nan ake naɗa shugabannin sassa da shugabannin asibitocin koyarwa da malaman da suke horar da na baya ba. Duk waɗannan kujeru na waɗanda suka yi horon ƙwarewa ne, kuma matuƙar matanmu ba su shiga wannan horo ba, yawansu a aji ba zai sauya fuskar waɗanda suke yanke shawara ba.

Abin farin ciki shi ne cibiyoyin horon a ƙofar gida suke. Kwalejin Ƙwarewar Likitoci ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, tana Ijanikin, kwalejojin Afirka ta Yamma na likitocin tiyata da na cututtuka su ma ofisoshinsu suna Legas. Matakan uku ne: jarrabawar share fage, sai kashi na ɗaya bayan shekara biyu zuwa uku ana aiki a ƙarƙashin manya, sai kashi na biyu wanda ya haɗa da rubuta kundin bincike, daga nan likita ta cancanci zama kwansaltan, wato babbar likita ƙwararriya. Ana yin jarrabawoyin sau biyu a shekara. Mafi dacewar lokacin rubuta ta share fage shi ne shekarar hidimar ƙasa, sa'ad da karatun makaranta bai gama dusashewa ba kuma ɗawainiyar gida ba ta yi nauyi ba, domin da zafi-zafi ake dukan ƙarfe. Da sakamakon a hannu sai ta nemi gurbin horo a asibitin Idi-Araba ko na Ikeja, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Ebute Metta, ko asibitin ƙashi na Igbobi, ko na ƙwaƙwalwa da ke Yaba. A asibitocin tarayya, ƙa'idar raba daidai tsakanin jihohi da sashe na 14 na kundin tsarin mulki ya tanada tana aiki wajen ɗaukar ma'aikata, don haka takardar asalin nan da aka karɓo tun tana sakandare za ta sake amfani.

Wajen zaɓen fanni, kowa zai ce mata ta yi fannin mata da haihuwa, kuma buƙatar hakan a fili take, ganin cewa binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna mata 512 ne suke rasuwa a cikin kowace haihuwa 100,000. Duk da haka bai kamata a mayar da shi tilas ba. Matar da take da ƙari a nono tana buƙatar likitar tiyata, mai fama da damuwa bayan haihuwa tana buƙatar likitar ƙwaƙwalwa wadda za ta fahimci abin da take nufi idan ta ce iska ce ta taɓa ta, haka kuma akwai fannin sa barci da na hoto da na ido da na lafiyar al'umma. Ta zaɓi wanda za ta iya jure wa aikinsa shekara talatin. Ta kuma binciki sharuɗɗan hutun haihuwa kafin ta karɓi aiki. Gwamnatin Jihar Legas tun 2014 take bai wa ma'aikatanta mata hutun wata shida a haihuwa biyu na farko, amma wannan na ma'aikatan jiha ne, asibitocin tarayya da masu zaman kansu kowanne da nasa tsarin. Kwalejojin kuma suna ƙirga watannin da aka yi a bakin aiki ne, saboda haka hutun yana iya ɗaga ranar jarrabawa, kuma gara ta zauna da mai kula da horo a sashen su tsara abin a rubuce.

Harshen Hausa jari ne a asibitocin Legas, sai dai yana da tarko. Da zarar an gane ta iya, kowane sashe zai riƙa aikowa a kira ta: wani dattijo daga Mile 12 ya kasa bayani, wata baiwar Allah ta ƙi sa hannu a takardar tiyata. Taimakon lada ne, kuma mara lafiyar da ta ji an ce mata "Sannu Inna, ina ne yake miki ciwo?" takan faɗi abin da ta ɓoye wa kowa. Amma idan likita ba ta yi hattara ba, za ta wayi gari tana tafinta a lokacin da takwarorinta suke ɗakin tiyata suna cika littafin ayyukan da kwaleji za ta duba. Ta taimaka idan abin na gaggawa ne, sauran kuma ta nemi izinin babbanta cikin ladabi kafin ta bar aikinta. Mafi alheri ma ta mayar da wannan dama bincike, misali a kan abin da yake hana matan unguwanninmu zuwa awo da wuri, domin ita za su buɗe wa ƙofa su gaya wa gaskiya, kuma irin wannan aiki yana iya zama kundinta na kashi na biyu.

Idan ta gamu da tsangwama saboda jinsi ko addini ko ƙabila, ko wani babba ya nemi ya yi amfani da matsayinsa ya ci zarafinta, ta rubuta rana da wuri da abin da aka faɗa da waɗanda suke wurin, ta adana saƙonnin waya, ta kai ƙara a rubuce ga shugaban sashe ko ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa ta asibitin. Sashe na 42 na kundin tsarin mulki ya haramta nuna bambanci a kan waɗannan dalilai, MDCN tana da kotun ladabtar da likitoci, Jihar Legas kuma tana da hukumar da take karɓar ƙorafin cin zarafi.

Ƙarin girma a jami'a ya dogara ne da maƙalolin da aka wallafa a mujallun ilimi, don haka tun tana ƙaramar likita ta nemi wani malami ko malama da za su sa ta cikin bincikensu, ta kuma tabbatar an yi maganar sa sunanta a kan maƙalar tun kafin a fara tattara bayanai. Ta shiga Ƙungiyar Likitoci ta Nijeriya da Ƙungiyar Mata Likitoci reshen Legas, ta riƙa halartar taro, kuma idan aka buɗe takarar sakatare ko ma'aji ko wakilcin sashe ta miƙa sunanta da kanta, saboda kunyar da muke yabawa a gida ana ɗaukar ta rashin sha'awa a irin waɗannan wurare. Lasisin aiki kuma duk shekara ake sabunta shi, tare da shaidar halartar tarukan ƙarin ilimi, kuma wannan ya shafi har shekarar da take gida tana goyo, domin wadda ta bari ya yanke sai ta biya bashin shekarun da suka wuce kafin ta koma bakin aiki.